Daga buhun ɗanyar gahawa zuwa finjali: hanyar da na bi a Damagaram

Ba a yin mako guda wani matashi bai tsaya a bakin shagona ya tambaye ni kuɗin injin esfireso ba, wato injin da ke tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin gahawa ya fitar da ita mai kauri. Wasu da hoton injin a waya suke zuwa, har sun fara ciniki da wani a Dubai ko a Kano. Amsar da nake ba su ba ta cika yi musu daɗi ba, domin inji shi ne abu na ƙarshe da ake nema a wannan sana'a. Kafin shi akwai koyo, akwai takardu, akwai ɗanyar gahawa da inda za a ajiye ta, akwai ruwa da wuta. Lokacin da na fara babu wanda ya jera mini waɗannan abubuwa, sai karo na yi ta yi da su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda abin ya gudana a kaina, tun daga farko har zuwa yau da nake soya gahawa a Zinder, wato Damagaram, nake kuma koya wa yara haɗa ta.

A wani otal a Yamai na fara ganin injin. Aikina kai abinci tebur ne, amma ranar da mai haɗa gahawar bai zo ba ni ake turawa. Danna maɓalli kawai na iya. In baƙo ya ce ta yi ɗaci ko ta yi tsami ban san inda zan taɓa ba, kuma duk cikinmu babu wanda ya sani. Abin ya tsaya mini a rai har na tara kuɗin mota a 2022 na tafi Abijan, inda wani ɗan garinmu mai kasuwanci a Adjame ya haɗa ni da wani dattijo mai gidan suya. Takardun tafiya a lokacin katin ɗan ƙasa ne da katin rigakafin shawara. Ban biya kuɗin koyo ba, ban kuma karɓi albashi ba, ci da makwanci duk daga aljihuna, kuma sun lashe kusan jika 400 (jika ɗaya sefa dubu ce) kafin in dawo. Makonnin farko ko kusa da wuta dattijon bai bari na je ba. Tire ya ba ni ya ce in tsince: baƙar ƙwaya, wadda ƙwaro ya huda, fasasshiya, tsakuwa, guntun itace. Raina ya sosu, don ba tsintar tsakuwa ta raba ni da gida ba. Sai ranar da ya soya kashi biyu, ɗaya tsintacce, ɗaya yadda ya fito daga buhu, ya jiƙa ya ce in kurɓa. Na biyun yana da wani warin ruɓa da ke maƙalewa a maƙogwaro, ruwa ma ba ya wanke shi. Daga ranar ban ƙara raina tsinta ba. A can na san bambancin manyan nau'o'in gahawa biyu, robusta da arabika. Kodebuwa robusta take nomawa, mai ƙarfi da ɗaci, kuma sinadarin da ke hana barci a cikinta ya kusa ninka na arabika. Ita arabika tsaunuka masu sanyi take so, irin na Habasha, da na yammacin Kamaru, da na Mambila a jihar Taraba. Nijar ba ta noma ko ɗaya. Duk ƙwayar da za a soya a Zinder sai ta ƙetare iyaka, kuma wannan shi ne abin da ya fi komai ba ni wuya daga baya.

Da na dawo a farkon 2023 sai na shiga neman shago. Na samu ɗaki biyu da ɗan fili a baya, ba nisa da Kasuwar Dole, a kan jika 40 a wata, mai gidan kuma ya nemi na wata shida gaba ɗaya. Da na faɗa masa sana'ar sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, hayaƙin nan ba zai haɗa ni faɗa da maƙwabta ba?" Na ce, "Alhaji, zan sa bututu ya wuce kan rufi, kuma da asuba zan riƙa suya." Muka rubuta hakan a cikin takardar haya. Kowa ya nemi a rubuta masa takardar haya da sa hannu, ko da mai gidan kawunsa ne, domin ofisoshin gaba duk za su tambaye ta.

Takardun rajista ba su da wuya in an san jerinsu. Ana buƙatar takardar haihuwa, da takardar zama ɗan ƙasa, da katin shaida, da hotuna, da takardar haya, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba. Ita wannan ta ƙarshe wata uku kawai take aiki, saboda haka a bar ta sai an samu shago, kada ta mutu a aljihu. A kotun yankin da aka haifi mutum ake neman ta, ni kuwa a ƙasar Magariya aka haife ni, sai da na hau mota na je na kwana. Kwafin kowace takarda sai an kai shi an buga masa hatimi a ma'aikatar magajin gari, a sayi tambur a manna. Abin da ya tsayar da ni shi ne sunan mahaifina, wanda aka rubuta da harafi biyu a takardar haihuwa, da harafi ɗaya a katin shaida. Wannan matsala ta zama ruwan dare a ƙasarmu, kuma maganinta wata takarda ce mai tabbatar da cewa mutum ɗaya ne mai sunayen biyu. Kafin ka fita gida, shimfiɗa takardunka a tabarma ka karanta sunayen harafi bayan harafi. Da komai ya cika na kai su reshen cibiyar 'yan kasuwa na Zinder, inda ake karɓar buƙatun kafa sana'a, daga nan aka fitar mini da lambar rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF. Ma'aikacin da ya karɓe ni ya tambaye ni a wane rukuni zai sa ni, mai shayi ko mai sarrafa kayan abinci. Muka zauna na yi masa bayani, shi kuma ya ba ni shawarar da har yau nake gode masa: a rubuta duk abin da nake da niyyar yi nan gaba, wato sarrafawa, da sayarwa, da shigo da kaya daga waje, da koyar da sana'a, don kada in dawo gyara. Duka-duka, da tambur da hotuna da kuɗin mota da na kabu-kabu, abin da na kashe bai kai jika 60 ba. Jiran ya fi kuɗin ciwo. A je da safe, kuma kada a sa rai da Juma'a, rabin wuni ce.

Bayan nan na kai kaina ofishin haraji don a san da zamana a yanka mini abin da zan riƙa biya a shekara, sannan ma'aikatan tsabta suka zo duba shago. Sun dubi inda ruwan wanke-wanke yake fita, da kwandon shara mai murfi, da nisan tukunyar gas daga wuta, suka ce in je asibiti a gwada ni a ba ni takardar lafiya irin ta masu taɓa abincin jama'a. Duk yaron da zai yi aiki a wurina yanzu sai ya yi wannan gwajin kafin ya taɓa kofi.

Injin suya na kamfani, ko mai cin kilo 2 ne, kuɗinsa miliyoyi ne kafin ya iso nan. Sai na zana irin gangar suyar da na gani a Abijan na kai wa wani mai walda. Mun yi ta da ƙarfen da ba ya tsatsa, da fukafukai a ciki masu juya ƙwaya, da murhun gas a ƙasa, da ƙaramin injin lantarki mai juya ta, da hannu na ko-ta-kwana saboda ranar da babu wuta. Na sa ya huda gefe na zura ma'aunin zafi har cikin ƙwaya. A gefe kuma muka yi faranti mai ƙananan huji da fanka a ƙarƙashinsa don sanyayawa. Duka ya tsaya mini a wajen jika 350. Abu ɗaya da na nace a kai shi ne kada fenti ko ƙarfe mai rufin tutiya ya shiga inda ƙwaya za ta taɓa, domin zafi yana tayar da guba daga jikinsu.

Ina tsaka da wannan na tura kuɗin buhu uku na robusta, kowanne kilo 60, ga dattijon nan na Abijan. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, mu'amalar banki da waje ta tsaya. Buhunana suna can, haya tana ci a nan. Ban taɓa shiga damuwa irin ta waɗannan watanni ba. Kullum sai na buɗe shago in share, in dubi ganga, in rufe. Daga baya na ga zaman ba zai fisshe ni ba, na kafa tebur a ƙofar shagon ina sayar da shayi da biredi da Nescafé kamar kowane mai shayi. Wannan teburin ya biya haya, ya kuma koya mini bakin mutanen garinmu: yawan sukarin da suke so, da lokacin da suke sha, da cewa mai kabu-kabu ba zai ba da fiye da dala ashirin, wato sefa 100, a kofi ɗaya ba. Kayan sun taso ne ta Burkina Faso, suka bi ayarin manyan motocin da sojoji ke rakowa ta Kaya da Dori zuwa Tera, suka iso Yamai dab da ƙarshen shekara.

A duwan, wato kwastan, ba a shiga kai tsaye, sai ta hannun dillalin da ke da izinin fitar da kaya. Ya nemi takardar ciniki mai nuna farashi, da takardar asalin kaya, da takardar da ke tabbatar da cewa ƙwayar ba ta ɗauke da cutar tsirrai, da lambata ta NIF. Waɗannan takardun biyu na tsakiya daga ƙasar da aka sayi kaya ake yin su, don haka a gaya wa mai sayarwa tun kafin a yi lodi. Takardar asalin kaya tana da amfani ƙwarai, domin Nijar da Kodebuwa duk suna cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, kuma kayan gona na cikin ƙungiyar ba a yi musu lissafi irin na kayan waje. Ka nemi dillali ya rubuta maka kuɗin hukuma daban, ladansa daban, ka kuma karɓi rasit na kowanne. Daga Yamai zuwa Zinder kusan kilomita 900 ne, kuma a nan aka yi mini ɓarna: masu motar da na ba wa kayan suka jingina buhu ɗaya da katan-katan na sabulu. Ɗanyar gahawa tana zuƙe duk warin da ta kwana kusa da shi. Na shanya, na canza buhu, na soya, ƙanshin sabulu yana nan a kofi. Rabin buhun nan gwaji kawai na yi da shi. Tun daga lokacin ba a loda mini kaya sai an sa kowane buhu a cikin leda mai kauri an ɗaure, kuma ina gaya wa direba da bakina: ban da kusa da sabulu, da kifi, da albasa, da fetur. Da na haɗa lissafi, kilo ɗaya ya iso shago a kan kusan sefa 4,000.

Ajiya ita ma sana'a ce a garin nan. Ɗanyar ƙwaya mai kyau tana riƙe da laima kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Hunturunmu yana busar da ita har ta koɗe ta rasa ɗanɗano, damina kuma tana iya sa ta fumfuna, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Abin da ya cece ni shi ne buhun PICS mai riɓi uku, wanda manoma ke adana wake a ciki. Ina juye gahawar a ciki, in matse iska, in ɗaure kowane riɓi daban, in ɗora a kan katako a ɗakin da rana ba ta bugu. Ba na buɗe babban buhu kullum, na mako guda nake ɗiba in sa a bokiti mai murfi.

Yanzu ga suyar kanta. Bayan sallar asuba nake kunna wuta, in bar ganga ta yi zafi har wajen digiri 200, sannan in zuba kilo 2. Ma'auni zai faɗi ƙasa sosai, kada ka firgita ka ƙara wuta, zai juyo da kansa. Mintuna biyar na farko ƙwayar tana fitar da laima, launinta yana barin kore yana komawa rawaya, ana jin ƙanshin busasshiyar ciyawa. Sannan ta fara yin ja, ƙanshin ya koma na gasasshen biredi, siririn ɓawonta yana tashi. A wajen digiri 196 sai ka ji ƙas, can kuma ƙas-ƙas, har ƙarar ta cika ganga. Wannan ita ce fashewar farko, kuma daga nan komai a cikin daƙiƙoƙi yake. Matan da ke soya gyaɗar ƙuli-ƙuli sun san irin wannan gaɓa, inda juyawa ɗaya ke raba soyayya da ƙonanna. Ina rage wuta, in zaro 'yan ƙwayoyi da cokali in duba a hasken ƙofa, bayan minti ɗaya da rabi zuwa biyu in juye a faranti in kunna fanka. Dole ta huce cikin mintuna huɗu, in ba haka ba za ta ci gaba da soyuwa da zafin jikinta. Wanda ya bari har ta kai wajen digiri 225 zai ji fashewa ta biyu, siririya mai sauri, mai ya fito a jikin ƙwaya, ɗanɗanon gawayi ya fara shiga. Duk suyar minti 11 zuwa 14 ce. Kowace ina rubuta ta a littafi: zafin da na zuba, mintin da ta yi rawaya, mintin fashewa, mintin juyewa, da nauyin da ya fito. Kilo 2 yakan dawo kilo 1 da giram 650 zuwa 700, kuma wanda bai sa wannan ragin a lissafinsa ba, zai yi ta ciniki yana mamakin inda riba ta shiga. Ɓawon da ke taruwa a ƙarƙashin ganga a share shi kullum, yana kama wuta nan take. Soyayyar ƙwaya kuma tana fitar da iska na 'yan kwanaki, shi ya sa nake barin ta ta huta kafin in niƙa, kuma in an rufe ta da wuri a ledar da ba ta da ɗan hujin numfashi, ledar kumbura take yi.

Da aka buɗe iyakar Najeriya a watan Maris na 2024 sai na bi hanyar Matamaye da Ɗan Barto na je Kano. Na canza kuɗi a Wapa, na sayo ledoji masu hujin numfashi da ƙaramin sikeli mai auna giram, aka kuma haɗa ni da wani dillali mai kawo arabikar Mambila daga Gembu. Ba na sayen buhu sai ya ba ni samfur na zo gida na soya na ɗanɗana. Arabikar nan ita nake haɗawa da robusta, ta rage mata kaifi ta ƙara ƙanshi.

Sai a wannan gaɓar na sayi injin esfireso, wanda aka taɓa amfani da shi, daga wani gidan abinci a Yamai da ya rufe bayan baƙin da ke cin abinci a wurin sun bar ƙasar. Jika 650 na biya, injin niƙa kuma jika 250, kuma in aka ce in zaɓi ɗaya a cikinsu na niƙan zan ɗauka. Kafin injin da tukunyar moka (ƙaramar butar dafa gahawa da ake ɗorawa a kan wuta) da mataci nake aiki, kuma mutane suna sha suna dawowa. Wanda ya san Damagaram ya san halin ruwanta: famfo yakan yi kwanaki bai kawo ba, 'yan garuwa kuma yau daga nan suke ɗebowa gobe daga can. Ruwan da ke cikin kofin gahawar da aka tace ya kai kashi 98 cikin ɗari, saboda haka in ruwa ya canza, ɗanɗano ya canza. Ga kuma farin dutsen da yake tarawa a cikin tukunyar inji har ya toshe hanyoyinta, mai gyara kuwa sai daga Yamai ko Kano. Na sa tanki, na sa matacin ruwa mai rage wannan dutse, kuma daga wuri ɗaya nake sayen ruwa. Injin yana jan wuta kusan kilowat 3, ƙaramin injin wuta ba ya ɗaukarsa, sai da na sa na'urar daidaita ƙarfin wuta. Ranar da aka ɗauke, tukunyar moka tana nan a kan gas.

Masu saye ba inda na zata suka fito ba. Na yi tsammanin malaman Jami'ar André Salifou da ma'aikatan ƙungiyoyi, kuma suna zuwa, da ma'aikatan asibiti masu kwanan aiki. Amma waɗanda suka fara riƙe shagon su ne samarin da suka yi zaman Libiya da Aljeriya, masu shigowa su ce a ba su makiyato, wato esfireso da ɗan kumfar madara, sun kuma san mai kyau in sun sha. Sai alhazai da suka saba da gahawar Larabawa a Makka da Madina, wadda ake soyawa sama-sama, a dafa da kayan ƙanshi, a sha da dabino. Saboda su na fara niƙa wata da citta da kanumfari ina ƙullawa a ƙananan ledoji na giram 100, kuma yau ita ta fi kofin esfireso na sefa 500 kawo kuɗi, musamman da azumi. Ba na hana kowa sukari. Mutumin da ya tashi da shayi zagaye uku a fada, wato majalisar samari, ba za ka ce masa bakinsa bai iya ba. Abin da nake roƙo kawai shi ne ya kurɓa sau ɗaya kafin ya zuba.

Koyarwa ta faro ne da wata Hajiya ta unguwa da ta kawo ɗanta, ya bar makaranta yana yini a fada. Ta ce, "Malam, ga amana na kawo maka." Na ce, "Hajiya, na karɓa, amma watan farko wanke-wanke da tsinta zai yi, kada ya zo ya ce miki na mayar da shi bawa." Haka nake yi da kowa har yau. Watan farko tsabta, yanke farce, wanke butar madara nan take, tsintar ƙwaya, da awo a sikeli har hannu ya saba. Sannan horon harshe. Ina jera kofi huɗu na ruwa, ɗaya da sukari, ɗaya da gishiri, ɗaya da tsamiya, ɗaya an jiƙa namijin goro, in yi ta ƙara musu ruwa har ɗanɗanon ya kusa ɓacewa, yaro ya gaya mini wanne ne wanne. Yawancinsu da farko duk abin da ba zaƙi ba ɗaci suke kiransa, kuma wanda bai raba tsami da ɗaci ba ba zai iya gyara inji ba. Daga nan sai ɗanɗanon gwaji yadda masu sana'ar ke yi a ko'ina: giram 8 da kwata na gari a ruwan zafi mililita 150, a jira minti huɗu, a fasa kumfar sama da cokali a shaƙa, sannan a zuƙa da ƙarfi har ta yi ƙara, a tofar. A nan ake shan fama, domin an tarbiyyantar da mu cewa zuƙar abu da ƙara a gaban babba rashin kunya ne. 'Yan matan da na koyar sukan rufe baki da mayafi su juya baya. Sai na fara yi da kaina, da ƙara sosai, in bayyana musu cewa zuƙar ce ke watsa ruwan ko'ina a baki har ƙanshin ya hau hanci.

Wata na uku ake taɓa inji. Giram 18 na gari, a daidaita, a danna a miƙe, a fitar da giram 36 cikin daƙiƙa 25 zuwa 30, ruwa a kan digiri 90 zuwa 96. In ta zubo da sauri ta yi tsami, a ƙara laushin niƙa. In ta yi ta ɗiga ta yi ɗaci, a sassauta. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, kuma da safe da la'asar sai an sake gwadawa, don yanayin garin nan yana juya gari a cikin wuni ɗaya. Madara a kan digiri 60 zuwa 65 ake tsayar da ita, daidai lokacin da tafin hannu ya kasa jure gindin buta. Madarar kwali tana da tsada, don haka da ta gari suke koyo, a dama a sa a firiji ta yi sanyi sosai kafin a busa mata tururi. Zanen fure a kan kumfa shi yara suka fi ɗoki saboda abin da suke gani a waya, ni kuwa shi nake bari ƙarshe. Da azumi ba a ɗanɗano da rana, sai mu mayar da darasi bayan tarawihi, suyar asuba kuma a dogara da littafi da kunne da hanci. 'Yan mata ina sallamarsu kafin magariba, kuma sai na ga uba ko wa kafin in karɓa.

Maganar takardar shaida ina faɗin gaskiyarta tun ranar farko. Wadda nake bayarwa shaida ce cewa yaro ya yi wata shida a wurina ya iya kaza da kaza, ba difloma ta gwamnati ba ce. Takardar ƙungiyar SCA ta masu sana'ar gahawa ta duniya, wadda manyan gidajen gahawa na waje suka sani, sai a hannun malamin da ƙungiyar ta ba izini ake samunta, kuma da kuɗi. Na je na nemi bayani a kan FAFPA, asusun gwamnati mai tallafa wa koyon sana'a, abin da aka fara tambayata shi ne RCCM da NIF da tsarin darussa a rubuce. Wanda ke son koyarwa ya rubuta abin da zai koyar mako-mako tun yanzu. Da iyaye kuma muna rubuta yarjejeniya: ba na karɓar kuɗin koyo, ina ba da abincin rana da kuɗin kabu-kabu, yaro kuma ba zai tafi a tsakiya ba sai da dalili. Wanda na riƙe a matsayin ma'aikaci bayan ya gama, ina yi masa rajista a CNSS, asusun fansho da inshorar ma'aikata.

Ga wanda ke da ɗan jari a hannu yau, shawarata ya kashe kashi na farko a koyo wurin mai suya, ya yi takardunsa, ya sayi buhu ɗaya da sikeli da injin niƙa mai kyau, ya fara da tukunyar moka da ƙullin leda. Ya kuma ware kuɗin buhu na gaba daga kuɗin aljihun tebur, domin farashin ba a hannunmu yake ba. A watan Fabrairun 2025 arabika ta haura dalar Amurka 4 a kowane fam na nauyi (kusan rabin kilo) a kasuwar New York, bayan fari ya taɓa gonakin Brazil, kuma ba a daɗe ba dillalina na Kano ya kira ya ce kaya sun tashi. Ban rage awon leda a ɓoye ba. Na rubuta sabon farashi na manna a ƙofa, na yi wa kowa bayani, wasu suka koma ƙullin giram 50. Yanzu ba na bari ajiyata ta gaza ta wata uku, kuma da zarar buhu ya kai rabi nake tura rabin kuɗin na gaba.